Hannu Biyu

Duk wanda ya miƙa wa babbar likitar hannu ɗaya, sai ta nemi ɗayan. Takan riƙe tsintsiyar hannuwansa biyu, ta yi tsit kamar mai sauraren motsi a bayan bango, sannan ta amsa gaisuwa. Shi ya sa asibitin kaf, har masu shara, suke kiranta Hannu Biyu.

Wata cuta take farauta, mai kumbura manyan jijiyoyin jini har su tsuke, bugun jini ya ɓace a hannu ɗaya. 'Yan mata ta fi kamawa, kuma idan aka makara tana iya shanye jiki ko ta tafi da ido. Littattafai sun ce da ƙyar ake ganinta a nan. Ita kuwa baiwar Allah furfura ta cim mata tana bin ƙananan asibitoci, ita dai sai ta san mutum nawa ke ɗauke da ita.

"Wanda ba a taɓa ba, ba ya shiga lissafi," haka take cewa. "Sai a rubuta babu, a rufe littafi."

Ƙaramin likitan da ke ƙarƙashinta yana ganin girmanta, amma Allah ya yi shi da iya kwaikwayo. Ran nan da rana yana falo da mahaifiyarsu, ƙanwarsa mai kitso ta shigo tana yarfe hannun hagu. Ta daɗe tana cewa yana mutuwa in ta ɗaga shi kan aiki, yayan nata kuma yana cewa gajiya ce.

"Zo nan, yarinya," ya ce wa ƙanwar da muryar Hannu Biyu, har da ɗan tarin da take yi. Ya kama hannuwanta biyu, ya lumshe ido. Mahaifiyar ta yi dariya har da hawaye.

Na dama yana bugawa. Na hagu shiru. Ya gyara yatsu, ya danna, ya sake gyarawa.

"Yaya, sake ni mana. Me ya faru da fuskarka?"

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan ɗan wani ba.

Washegari Hannu Biyu ta duba yarinyar a natse. Ta auna jini hannu da hannu, ta saurari gefen wuyanta, tana jan ta da hirar kitso har ta saki jiki.

"Za mu yi hoto da gwajin jini," ta ce. "In ita ce, akwai magani, kuma ba ku makara ba." Ta juya ga ƙaramin likitan. "Yaya aka yi ka gano?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, kwaikwayonki nake yi."

"Ai na ji labari. An ce har tarin ba ka bari ba." Ta ɗauki biro. "Ci gaba da yi. Amma ka riƙa yi a ɗakin duba marasa lafiya, can ya fi amfani."

Da ya koma ɗakinsa na duba marasa lafiya, mara lafiya ta farko ta zauna ta miƙo hannu.

"Ɗayan fa?" ya ce.

Nas ɗin da ke gefe ta fara dariya. Da ta dubi fuskarsa, sai ta gyara wa matar ɗaya hannun rigar.