Ƙuri'a Bakwai Ranar Sussuka

Tsoho Carmichael, wakilinmu a majalisar tarayya da ke Ottawa, ya rasu a watan Agusta, sai gwamnati ta sa zaɓen cike gurbinsa a tsakiyar Oktoba, daidai lokacin sussukar alkama. Kowa ya san dalili. Manoma sun tsayar da nasu ɗan takara, manomin lardinmu na Saskatchewan kuwa ba ya barin injin sussuka ya tafi bin layi, don dusar ƙanƙara ba ta yin sallama kafin ta sauko.

A shekarar na cika ashirin da ɗaya, ƙuri'ata ta farko ke nan. Ni ce Ragna Tveit, malamar makarantar Birch Coulee, kuma ajina aka mayar rumfar zaɓe. Mista Pettigrew mai kanti, ɗan jam'iyyar gwamnati, shi aka naɗa malamin zaɓe. Ranar Asabar ya tare ni a kantinsa, gaban mutane.

"Malama, kada ki wahalar da kanki wajen share ajin nan. Maza za su leƙo da rana, shi ke nan. Litinin inji yana gonar Hrynyk, wace mace za ta fito?"

Na ce, "Mu bakwai ne a rajista, har da ni. Bakwai za ka gani."

"Ke da ko ƙwai ba ki iya soyawa ba, ke za ki fitar da su daga kicin?"

Aka kwashe da dariya. Na ɗauki kananzir ɗina na fita, kunnuwana kamar garwashi.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ranar da inji ya sauka a gonar mutum, matarsa za ta ciyar da ƙarti ashirin sau biyar, matan maƙwabta su taru su taya ta. Ƙartin nan bakinsu ba linzami. Gidan da burodi ya ƙone, labarin kan riga injin isa gona ta gaba. Saboda haka ba macen da ke ɗaga ƙafa daga bakin murhu a wannan rana.

Litinin da asuba na ɗaura keken dokina na dira gidan Hrynyk. Uwar gidan, Inna Paraska, ƙatuwar mace mai murya kamar ƙararrawa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malama ta zo koya wa dankali karatu?"

"Inna, keke na waje, mutum biyu yake ɗauka. Ku tafi bibbiyu, ni in tsaya a madadin duk wadda ta fita."

"Ke ɗaya a madadin biyu? Nuna hannu."

Na miƙa. Ta juya tafin, ta yi tsaki, ta ɗora min wuƙa da buhun dankali. Ta ce in na kai azahar ban yi kuka ba, ita da kanta za ta kora su.

Ban yi kuka ba. Na feƙe dankali har yatsuna suka ƙi lanƙwasawa, na ɗebo ruwa bokiti goma sha ɗaya, na kwaɓa fulawa sau biyu don na farko Inna ta ce ko alade sai ya yi tunani kafin ya ci. Ƙofar tanda ta lashe min damtse, wurin ya taso ya yi ruwa, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Da ƙartin suka ci na rana suka ɗare keken dami suka tafi jefa tasu ƙuri'ar, suka dawo suna waƙa, Inna ta dubi matan maƙwabta ta tafa hannu.

"Orla, Gudrun, ku cire bantayen girkin nan ku wuce! Kada ku tsaya gulma a hanya!"

Wayyo daɗi! Na tsaya a taga, hannuwana cikin ruwan wanke-wanke har gwiwa, ina kallon keken nan yana tafiya, mata biyu sun gyara huluna kamar masu zuwa biki. Suka dawo, wasu biyu suka hau. Inna kuwa ta ce ko sarkin Ingila ne ya aiko, ba za ta motsa ba sai abincin ƙarfe huɗu ya isa gona. Muka kai kofi da burodi da nama bakin inji, sannan ta hau ita da surukarta. Saura ni kaɗai. Na yi lissafi: keke zai dawo biyar da kwata, a rufe rumfa ƙarfe shida, akwai sarari.

Agogon bangon kicin ya buga biyar, sai Orla McKinnon ta saki cokali.

"Na shiga uku! Malama, agogon nan na rana ne, Baba Hrynyk da inuwar rumbu yake saita shi. Pettigrew da lokacin jirgin ƙasa yake aiki. Ɗazu na gani, nasa ya riga wannan da rabin awa!"

Wato biyar da rabi, ga mil huɗu a gabana, ba keke.

Na fita a guje har bakin inji. Ƙura da ƙaiƙayi sun turnuƙe, Dugald Rennie mai injin yana tsaye a sama, mutumin da aka ce ko ranar jana'izar surukinsa bai saki doki ɗaya daga aiki ba.

Na ƙwala masa kira, "Baba Rennie, a ba ni doki!"

"A ba ki me? Dami ke za ki jawo min da haƙori?"

"Burodin da ka cinye uku ɗazu ni na kwaɓa!"

"Shi ya sa haƙorina ke ciwo!"

Ƙarti suka fashe da dariya. Ban jira ba, na nufi keken dami mafi kusa na fara kwance ɗamarar wata ƙatuwar goɗiya. Rennie ya zunduma ashar, sannan ya ce, "Ba waccan ba, shashasha, tana harbi! Ku ba ta Sarauniya!"

Aka kwanto min wata goɗiyar, ba sirdi, ba likkafa, bayanta kamar teburin cin abinci. Dokin noma ba ya sukuwa sai dai wani sassarfa mai girgiza hanji. Na riƙe geza, siket ya tattare har gwiwa, gashina ya warware, na yanke ta cikin karan alkama ina ihu kamar mahaukaciya. Sau ɗaya na zame na faɗi kan damtsen da ya ƙone, na ga taurari, na jawo ta jikin shinge na sake hawa.

Tun daga nesa na jiyo muryar Inna Paraska. Ashe da ta ga agogon Pettigrew sai ta ƙi juyowa. Tana tsaye a ƙofar makaranta, ta cika ta bango zuwa bango, Pettigrew a bayanta da agogo a hannu yana ƙoƙarin tura ƙyaure.

"Uwargida Hrynyk, saura minti ɗaya, ki matsa!"

"Takalmina ya maƙale, ɗan nan. Tsohuwa za ka ture?"

Na diro, na kutsa ta ƙarƙashin hammatarta na faɗa cikin ajina.

"Ragna Tveit," na ce, ina haki. "Duba rajista."

Pettigrew ya dubi agogo, ya dubi wakilan 'yan takara biyu da ke zaune, ya ga duk sun zuba masa ido. Ya yago takarda. Sai ya kalli hannuwana, baƙi ƙirin da toka da gumin doki, ya yi wani murmushi.

"Tabo ɗaya a jikin takardar nan, ƙuri'a ta lalace, Malama."

Inna ta kamo hannuwana ta tofa yawu a gefen mayafinta, ta goge min yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar yaye. Na shiga bayan labule, na ɗauki fensir, na yi alamata a gaban sunan ɗan takarar manoma. Na ninke na kawo, na tsaya a kansa har sai da na ji ta faɗa cikin akwati.

Inna ta ce, "To, an gama sarauta. Hau keke, abincin dare bai dafa kansa ba."