Hannun Kwamanda a Kan Injin Dama

A gida Baba Dogo yake ce masa, domin 'yarsa yake aure. A cikin jirgin sama kuwa Yallaɓai ne, Kwamandan matuƙa, Dogo kuma mataimakinsa ne a kujerar dama. Ran nan sojoji masu rauni suka ɗauko, an jera su a gadaje a cikin jirgin, likita na bi tsakaninsu da ledar ƙarin ruwa.

Suna cikin gajimare ƙararrawa ta ɓarke, jar fitila ta kama: wuta a injin hagu.

Dokar aikinsu a nan ba ta da wuya. Mai tuƙi ya ɗora hannu a kan mariƙin injin da za a kashe, ya tsaya. Na kusa da shi ya duba da idonsa, ya ce “shi ne”, sannan a ja. Sai dai Dogo, Allah sarki, tun da aka haɗa su bakinsa ke riga idonsa. Wa zai tsaya bin diddigin mutumin da ya koya wa rabin matuƙan sansaninsu tuƙin jirgi, ya kuma ba shi 'ya?

Kwamanda ya ɗora hannu. “Duba.”

“Shi ne, Yallaɓai.”

Sai bayan ya faɗa ya duba. Hannun dattijon yana kan mariƙin injin dama, lafiyayyen da ke riƙe da su a sama. Yatsun sun fara ja, babu lokacin “a gafarce ni”. Dogo ya kai wa hannun surukinsa duka da iya ƙarfinsa.

“Ba shi ba ne! Hagu, Baba, hagu!”

Kwamanda bai ko dube shi ba. Ya mayar da hannu hagu, ya jira har Dogo ya duba da gaske, sannan ya ja. Fitilar ta mutu. Da inji ɗaya suka lallaɓa har ƙasa, motocin kashe gobara na biye da su a gefen titin sauka.

Da aka kwashe marasa lafiya, Dogo ya tarar da shi a ɗakin sauya kaya, zaune a benci, bayan hannunsa ya kumbura. Kunya ta hana Dogo ɗaga kai.

“Baba, ka yafe mini. Na ɗaga maka hannu.”

“Zauna,” in ji dattijon. “Ba dukan ne ya dame ni ba. Na yi kuskure, kuma gobe zan faɗa a gaban kowa, yara su ji. Amma kai ka ce shi ne ba ka duba ba. Tun yaushe kake yi mini haka?”

Hawaye suka nemi kubce wa Dogo.

“Na sani,” dattijon ya ce a hankali. “Girmama ni kake yi. To, na roƙi a raba mu. Daga yau ba za mu ƙara tashi a jirgi ɗaya ba.”

“Baba, ba zan sake ba, wallahi.”

“Za ka sake, ɗana, kana jin nauyina. Ni kuma ba zan bari a je wa yarinyar nan da gaisuwar mutuwar uba da ta miji rana ɗaya ba.”