Toka a Gindin Rumbu

A shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, Tanimu yana zaune a wani ƙauye kudu da Garagumsa, shi da matarsa Jummai. Gidansu kaɗai ne na masu bin Almasihu a garin. Ya karɓi bangaskiya a Damagaram lokacin da ya je cin rani, ya dawo ya ce ya rabu da tsafin gidansu har abada. Tsafin nan wata tukunya ce a gindin tsamiya, wadda ubansu yake yanka wa jan zakara kowace kaka. Da uban ya mutu sai ta koma hannun wan Tanimu, Dodo. Shi Dodo yana bin sahu ranar Juma'a kamar kowa, amma tukunyar ba ta taɓa rasa jininta ba.

Abin da ya rage wa Tanimu a duniya shi ne dami uku na irin gero, zaɓaɓɓun zangarniya, a cikin rumbu. Ba a taɓa su. Shi da Jummai anza suke ci, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacinta yake fita, sai kuma jar dawar taimako idan kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke a Takieta. Dawar nan ta cika ciki ce kawai, ba ta ƙasarmu ba ce, ba wanda zai ba gonarsa ita. Wanda ya rasa iri a shekarar nan, ko ruwa ya dawo, shi fari bai ƙare masa ba.

Wata rana da tsakar rana ya ɗaga jinkar rumbu ya shiga. Ya ɗauki zangarniya ɗaya, ya ji ta sakayau. Ya murza, ba ƙwaya. Ya ɗauki ta biyu, haka. Igiya tana ɗaure yadda ya ɗaure ta, dami yana nan da girmansa, amma kusan rabin na ƙasa ya zama fanko.

Ya fito yana tambayar kansa. Ɓarawo da dami yake tafiya. Wannan wane irin ɓarawo ne da zai cinye ƙwaya ya bar zangarniya a ɗaure?

Bai gaya wa kowa ba, amma da la'asar Dodo ya leƙo ta kan darni, ya ce, "Ɗan Almasihu, na ga fuskarka kamar wanda ya haɗiyi ƙaya. Rumbu lafiya?"

Tanimu ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Wa ya ce maka rumbu ne, Yaya?"

"A shekarar nan me ke ɓata wa namiji fuska in ba rumbu ba? Na gaya maka tun bara. Abin gidanmu ba ya yafe rabonsa. Shekara huɗu ba ka ba shi ko gashin kaza ba. In ba a ba shi da hannu ba, da kansa yake ɗiba. Jan zakara ɗaya ne, Tanimu. Ni zan yanka, kai ko kallo ba sai ka yi ba."

Tanimu ya ce, "Jinin da aka zubar domina ya isa."

Dodo ya yi dariya ya tafi.

Tun daga ranar zuciyar Tanimu ta tsaya a kan wansa. Ta yaya ya sani? Ko dai shi ne yake zuwa ya musanya zangarniya mai ƙwaya da sussukakka don ya tsorata shi ya dawo gindin tsamiya? Ko kuwa da gaske ya aiko wani abu daga tukunyar? Idan matar Dodo ta fara daka, sai Tanimu ya tsaya cak yana saurare, yana so ya gane ko tabaryar a kan gero take sauka. Idan ya ga 'ya'yan Dodo suna wasa sai ya dubi cikinsu, ya ce a ransa waɗannan ba anza suke ci ba. Ya daina amsa gaisuwar wansa da baki, sai da hannu. Yakan durƙusa da safe ya roƙi Ubangiji ya tsare gidansa daga Mugun, amma duk inda ya ce Mugun, fuskar Dodo yake gani. Har gatari ya wasa, ya ajiye a bayan ɗaki, ya ce ranar da ya tabbata sai tukunyar ta zama tsingaro.

Jummai ta gaji. Mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ba ta san abin da ke ciki ba, amma ta ga mutumin yana ramewa fiye da yunwar da suke yi. Ta tsare shi, ya gaya mata.

Ta ce, "Maigida, ka gan shi da idonka?"

"Sai na gani? Waye ba ya so in tsaya a kan hanyar nan in ba shi ba?"

"Faston da ya zo daga Damagaram ya ce mana Shaiɗan ba ya bukatar tukunya in ya sami wuri a ƙirjin mutum. Ni dai tun da ka fara wannan, ban ƙara jin ka yi waƙa da safe ba."

"Ke yanzu bayansa za ki goya?"

"Ni bayan gero nake. Ka kama ɓarawon tukuna."

Sai ya ce ta tankaɗe masa toka mai laushi. Ta dube shi. Ta ce, "Toka? Ba kai ka hana a zuba ta a gindin rumbu ba?"

Gaskiya ta faɗa. Ubansu kowace kaka yakan zagaye duwatsun da rumbu ke zaune a kai da toka, yana ta motsa baki, sannan ya tafi gindin tsamiya da zakaransa. Da Tanimu ya tuba sai ya haɗa toka da zakara da motsin baki ya watsar gaba ɗaya.

Ya ce, "Wannan ba ta tsafi ba ce. Ta sawu ce. Ƙafar Yaya ta hagu tana karkacewa, ko cikin dubu na san ta."

Kafin rana ta faɗi ya barbaɗa tokar ta zagaye rumbu. Da gari ya waye ya fito da gatarinsa a hannu.

Babu sawun mutum. Ya zagaya sau biyu, babu. Sai a bayan rumbu, wajen wani dutse da tokar ba ta kai sosai ba, ya ga wata siririyar hanya kamar an ja yatsa. Ya sunkuya. Tururuwa ce, layi guda mai hawa, layi guda mai sauka, kowace mai sauka da ƙwayar gero a baki. Da tsakar rana yake shiga rumbu, lokacin da zafi ya kore su cikin rami, shi ya sa bai taɓa ganinsu ba. Kuma da zuciyarsa ba ta riga ta yanke hukunci ba, da ya dubi ƙasa tun ranar farko, kamar kowane manomi.

Ya bi layin har bayan darni, taki talatin, ya sami gidansu. Sannan ya ajiye gatarin, ya nufi gidan wansa.

Ya ce, "Yaya, na zarge ka da sata, na zarge ka da abin da ya fi sata. Ka yafe mini. Tururuwa ce. Ka ara mini hannu mu tona."

Dodo ya kalle shi sama da ƙasa. Ya ce, "Ni? To, madalla da addini. Baba yana zuba toka ka ce tsafi ne. Yanzu ka gani."

"Tokar na yi kuskure. Hikima ce Allah ya ba shi, ni na watsar."

"Tururuwar fa, wa ya nuna mata rumbunka ta bar nawa?"

"Naka da toka, Yaya."

Dodo ya shiga ɗaki. Ya ɗauko galma biyu da ƙwarya.

Suka yi ta tono har rana ta take, tururuwa tana cizonsu har cinya. Jummai tana sheƙewa, tana fid da ƙasa da ƙarangiya. Abin da suka samu bai cika ƙwarya ɗaya ba, wani ma an riga an gutsure shi. Da aka haɗa da wanda ya tsira a rumbu, Tanimu ya ga ba zai rufe rabin gonarsa ba.

Dodo ya goge gumi ya ce, "Ina da iri. Zan cika maka. Sharaɗi dai zakara ɗaya a gindin tsamiya, kuma ni zan saya."

Tanimu ya dubi ƙwaryar, ya dubi Jummai, wadda wuyanta ya zama kamar kara. Ya ce, "Na gode, Yaya. Rabin gona ya ishe mu."

"In bai tsiro ba kada ka zo ƙofata."

"Zan zo gaishe ka."

Ruwan shuka bai zo ba sai bayan wata biyu. Tanimu ya shuka ɓangaren kwari kawai, ƙwaya huɗu a rami maimakon tsunkule guda, Jummai tana binsa tana rufewa da diddige. Kwana biyar bayan haka ya fito ya duba. Inda ya zuba na rumbu ya fito sarai. Inda ya zuba na ramin tururuwa, rami uku sai ɗaya. Dodo yana can kan iyaka, hannu a baya, yana ƙirga guraben da ido. Tanimu ya ɗaga murya ya gaishe shi, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi ya yi godiya, sannan ya tashi ya fara sa alama a ramukan da za su bukaci dashe.