Hanyar da Ta Ratsa Filin Kaburu

Da tsoho M'Ringera ya raba wa 'ya'yansa biyu gonarsa ta garin Nkubu, Kaburu, da yake shi ne babba, ya zaɓi bakin titi. Ƙanensa Mwirigi ya samu ɓangaren baya, wajen rafi. A takardar mallakar Kaburu aka rubuta cewa hanya mai faɗin mita shida za ta ratsa filinsa, don ƙanen ya samu mafita. Kaburu ko a jikinsa a lokacin. Me zai bi ta nan in ba keke ba?

Bayan shekara tara, itatuwan fiyar da Mwirigi ya dasa suka fara 'ya'ya. Duk Alhamis babbar mota kan shigo ta gefen ɗakin girkin Kaburu, ta fita maƙare da kwanduna. Ta nan aka wuce da kwanon rufi, da tankin ruwa, har da wata saniyar madara mai dabbare-dabbare, duk zuwa gidan Mwirigi. Kaburu na zaune yana kallo har shayi ya huce a hannunsa.

"Ka rage kallon nan," in ji matarsa Gakii, "wuyanka zai ƙage."

"Ta filina yake arziki. Ni kuwa hayaƙin mota ne rabona."

Da damina ta faɗi, sai ya bi gefen hanyar ya dasa ayaba, kowane layi yana ɗan matsowa ciki. Kafin shekara mota ta kasa shiga. Mwirigi ya zo da hularsa a hannu.

"Yaya, ayabar nan ta ci hanya."

"Hanyar ƙafa Baba ya nufa. Ka ɗauko kayanka a ka, kamar kowa."

"Takarda ta ce mita shida."

"To a auna mana. Ni zan kira safiyo da kaina."

Safiyon ta zo daga ofishin filaye, maƙwabta suka taru. Ta ja igiyar awo sau biyu, ta duba taswira, sannan ta ce ayabar duk a kan hanya take, bangon ɗakin girkin ma ya shiga da mita guda.

Mwirigi ya ce, "A bar ɗakin, direba ya saba kauce masa. Ayabar ma a jira ta nuna. Zan riƙa fito da kaya a amalanke."

Nan take mutane suka shiga sa masa albarka. Wata tsohuwa ta ce halin mahaifinsu sak ya ɗauko. Wannan maganar ta fi awon yi wa Kaburu ciwo.

Washegari da sassafe Kaburu ya sare ayabar da 'ya'yanta ɗanyu, ya ɗauki guduma ya rushe bangon. Mwirigi ya aiko da bulo da siminti, Kaburu ya mayar masa da su.

Wata uku Gakii tana girki a tsakar gida, ruwa na kashe mata wuta. Ranar da ta gaji, ta ɗauki tukunyar wake da masara ta nufi gidan Mwirigi, ta dafa a murhun matarsa. Da ta dawo Kaburu ya cinye rabonsa tas, bai tambayi inda aka dafa ba.