Tsallen Allura a Minti na Uku

"Wallahi Baba kunnenka ne kawai yake raya maka! Waƙoƙin nan su ne dai, babu abin da ya canza!"

"Ke za ki gaya min kunnena? Shekara arba'in ina gyaran rediyo, tun ba a haife ki ba!"

Ni kuwa ina bakin ƙofa da tsintsiya, wai shara nake. Sau uku na share wuri guda, don kada wata magana ta wuce ni.

Mai ihun nan ƙanena ne, da ni yake zaune tun rasuwar matarsa. Duk unguwa Mai Kunne ake ce masa. Kun san kowa da irin haukansa. Shi nasa tsohon kiɗan nan ne na busa ƙaho da ake kira jaz, wanda ni ban taɓa gane farkonsa daga ƙarshensa ba. Shekara shida ya yi yana kwashe faifan garmahonsa ɗaya bayan ɗaya zuwa wani ɗan baƙin akwati da ake soka wa kwamfuta. Sai ya goge faifai da ƙyalle mai laushi, ya hura allura, ya kafa doka: ba tari, ba tafiya. Kuma bai yarda a matse waƙa ba. Wai wani salon ajiyar sauti da ake kira filak yake yi, wanda ko numfashin mai busa ba a zubarwa.

To 'yarsa, nas ce, ta so ta burge shi. Ta ɗauki akwatin a ɓoye ta kai wa mai shagon waya, don ya zuba wa uban a waya ya riƙa ji ko'ina. Mai shago ya ce sun yi nauyi, ya matse su. Masu ƙaraf-ƙaraf kuma ya sauya su da sababbi tas daga intanet, ya goge tsofaffin har na cikin akwatin.

"Gyara maka aka yi fa," in ji ta. "Gwaggo, don Allah ki sa baki."

Na ce, "Ni shara nake."

Mai Kunne ya nufi garmahonsa. Ya zaro wani faifai mai yagaggen kwali, ya ɗora, ya sauke allura a hankali. Ƙaho ya fara kukansa. Shi kuma ya juya mana baya yana ta goge tabarau da ba su da datti.

Nan na gane wanne ne. Kuma kun san ni, magana ba ta kwana a cikina.

Na ja ta gefe. "Ke, kin san wannan faifan shi ya fara kwashewa? Lokacin uwarki na da rai. Ya gama kafa dokarsa, sai ga ta da tiren shayi, ta bangaji tebur da ƙugu. Allura ta yi tsalle, daidai minti na uku. Ya yi ta faɗa har shayin ya huce, ita ko dariya take har da riƙe ciki. Ya rantse zai sake kwashewa. Bai sake ba."

"Yaya, ki yi shiru," ya faɗa ba tare da ya juyo ba.

"Ba zan yi ba. Kullum da hantsi sai ya kunna waƙar daga akwatin nan. Kina zaton ƙahon yake saurare? Tsallen yake jira. In ya zo sai ya ce, 'Kin gani ko?' kamar tana tsaye a wurin."

Yarinya ta ɗauko wayar uban. Ta lalubo waƙar a ciki, ta ja ta zuwa minti na uku, ta kara a kunne. Waƙar ta wuce sumul, ko gargada babu.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Me zan ce miki? In ce ina ajiye da ɓarna?" Ya share hanci. "Faifan yana nan, ki bar shi. Sai dai shi bai san uwarki ta taɓa bangazarsa ba."

Idonta ya ciko, amma jinin uwarta ne, kukanta ta hanyar masifa yake fita. "Mai shagon nan sai da ya juye komai a kwamfutarsa kafin ya fara, da idona na gani. In ya goge ta can ma, yau zai san ni!"

"Ki bi shi a hankali," in ji uban.

"A hankali? Shi a hankali ya bi mu?"

Na ce, "Tsaya in ɗauko takalmina, wannan ba a ba ni labari."

Ina! Ta fizgi mayafi da akwatin, ta fice, ta maka ƙofar da ƙarfin da sai da tebur ya girgiza, allura ta yi tsalle.