Akuyar da Majo Ya Rubuta wa Hajjo

Hajjo ta gama takabar Malam Na Allah, aka yi sadakar gumba, aka yi addu'a, mutane suka watse. Takaba ta ƙare a wurin kowa ban da wurinta. Tana nan cikin ɗaki bisa tabarma, carbi a hannu, fuska ga bango. In maƙwabta sun aiko da tuwo sai ta ce an gode, a aje nan. Da safe a zo ɗaukar kwano a iske shi yadda aka aje, sai ɗan gefen da ta gutsura don kada a ce ta raina. Turminta yana kife a bayan rumbu, har gara ta fara yi mishi gini.

'Ya'yanta mata duk aure ya kai su nesa. Namijin ɗaya ne, Sirajo, ɗan farinta, yana gyaran moto, wato babur, a Maradi. Ba ta faɗin sunanshi, sai dai ta ce Mai Moto. Ranar da ya zo dubata ta miƙe za ta ɗebo mishi ruwa, jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafa randa. Bai tsaya jin ta bakinta ba, ya ɗora ta bayan moto suka bi yashi har gidan likitan garinsu, can gabas da Korgom.

Majon gidan likitan, wato babban ma'aikacin jinya, Mudassir, mutum ne mai yawan tambaya. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya hura, ya duba, ya sake hurawa.

"Inna, tansiyo ta hau ƙwarai, hawan jini ke nan. Kina barci?"

"Alhamdu lillahi."

"Kina cin abinci?"

"Alhamdu lillahi."

"Ba ta ci," in ji Sirajo. "Majo, ka rubuta magani kawai. Ni na yanke shawara, Maradi zan kai ta. Akwai ɗaki, ga matata, ga asibiti kusa."

Hajjo ta san ɗakin nan na Maradi, na siminti ne, da taga ɗaya mai kallon bangon wani gida. A nan kuwa ga ɗakin da ta zauna tun tana amarya, ga gawon da Malam ke shimfiɗa buzu ƙarƙashinshi, ga maƙabarta nan yamma da gari inda take so wata rana a kai ta kusa da shi. In an ɗauke ta daga nan, ta san ba dawowa.

Majo ya kalle ta. "Inna, jiya da wa kika yi magana?"

"Da Ubangijina."

"Madalla. Cikin bayinshi fa?"

Ta ci gaba da jan carbinta.

Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri da magi. Sannan ya ce wa Sirajo, "Ka ba ni zuwa bazara. In ruwan farko ya kusa ka zo mu sake awo. In ba ta sauka ba, ni da kaina zan ce ka tahi da ita." Ya juyo ga Hajjo. "Akwai sauran magani guda, amma ba ya cikin kwali. Hamsatu za ta kawo miki."

Hamsatu ita ce shugabar grupma, wato ƙungiyar matan garin, masu taruwa ranar Alhamis a gindin itacen bedin da ke bakin gidan likita. Majo yakan tura musu marasa lafiyar da ya ga ƙwaya kaɗai ba za ta ishe su ba. Bagobira ce, daga wajen Kanan-Bakashe aka auro ta, Hajjo kuwa Bakatsina, abokan wasa ke nan, don haka tun suna da ƙuruciya ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba.

Washegari da hantsi Hajjo ta ji sallama, ta ji kuma wani kuka da ba na mutum ba. Hamsatu ce ta shigo janye da jar akuya, doguwa, mai ido kamar ta san kowa.

"Ina baiwata? Fito ki karɓi magani."

"Bagobira, ba ni da ƙarfin wasa."

"Wa ya ce wasa ne? Majo ya rubuta miki akuya. Habbanaye ce ta grupma. Ki riƙe ta, in ta haihu ta yaye, ɗiyar taki ce, uwar ta wuce ga wata. Sharaɗi guda, kowace Alhamis ki kawo ta gindin bedi mu ga jikinta."

"Ku kai wa wata. Ni da kaina ma ban riƙe ba."

"An riga an shafa fatiha da sunanki." Hamsatu ta kafa turke daidai ƙofar ɗakin, ta ɗaure, ta kakkaɓe hannu. "Amana ce. In ta rame, ke da Allah."

Ta fita abinta.

Hajjo ta ce a ranta, da yamma za ta aika a mayar musu da tsiyarsu. Amma akuyar ba ta jira yamma ba. Ta yi kuka, ta yi kuka, ta leƙo kai cikin ɗaki ta kama bakin tabarma tana ci. Hajjo ta kore ta, ta dawo. Ana cikin haka azahar ta yi, Hajjo ta yi salla, tana sallamewa ta ga dabbar tana lasar gindin randa. Abin ya tsaya mata a rai. Dabba ba ta da baki, kuma ranar gobe ƙiyama za a tambayi wanda aka ɗaure ta a ƙofarshi. Ta tashi ta ba ta ruwa. Ta jawo ɗan ragowar harawar Malam daga saman rumfa ta zuba mata.

Harawar ba ta daɗe ba ta ƙare. Lokacin rani ne, daji ba komai sai kara. Abin da ke riƙe akuyar gida a irin wannan lokaci dusa ce da ƙasari, kuma duk mace ta san daga inda suke fitowa. Sai an surfa gero ake samun dusa, sai an wanke shi ake samun ƙasari. Gidan da ba a daka ba shi da ko ɗaya.

Ta fara da roƙo. Ta yafa mayafi ta leƙa gidan Rukaiya maƙwabciyarta da ƙwarya a hannu, karo na farko da ta taka ƙofar gida tun rasuwar. Rukaiya ta zuba mata ƙasari da murna, har da rakiya. Kwana biyu ta koma, Rukaiya ta ce, "Wallahi Inna, nawa awakin sun shanye, ki yi haƙuri." Ta je gida na gaba, su ma da nasu bakunan. Hajjo ta dawo da ƙwarya wayam, kunya ta ishe ta. Ita da rumbunta cike da geron bara, tana yawon roƙon ruwan wanke gero.

Ta tayar da turmin, ta kankare ginin gara, ta ɗebo zangarniya ta sussuka. Da ta zo surfe, ta ɗaga taɓarya sau kaɗan numfashinta ya ɗauke. Ta zauna bisa turmin wanki tana haki, akuya na kallonta.

"Kalle ni da kyau," ta ce mata. "Ke kika jawo."

Can bayan masallaci akwai inuwar da matan unguwa ke haɗuwa su yi daka tare. Hajjo tana jin lugudensu kullum daga ɗaki. Rannan ta ɗauki geronta a ƙwarya ta nufi can, akuya na biye da ita da igiya. Tana isowa aka tsaya da daka.

"Lale da amarya," in ji Hamsatu. "Katsinawa an tuna hanyar turmi?"

"Na zo in ga ko Gobirawa sun koyi surfe ne. Har yanzu da tsaki kuke ba mazanku?"

Aka yi dariya, kowa ya koma kan taɓaryarshi. Ba wadda ta yi mata ta'aziyya, ba wadda ta ce ta rame. Lailatu, wata matashiya mai goyo, ta karɓi ƙwaryar ta juye a turminta, ta ce, "Inna, ni in surfa, ke ki riƙe mini yaron nan, ya hana ni sakat." Hajjo ta zauna da yaro a cinya. Ya kama carbinta ya sa a baki. Da aka gama ita ta yi bakace, don hannunta bai manta faifai ba. Dusa ta fito gefe guda, mai laushi.

Sai ga wata matsalar. Akuya ta samu dusarta da ƙasarinta, amma ga surfaffen gero jiƙaƙƙe a ƙwarya. Jiƙaƙƙen gero ba ya komawa rumbu, kuma ba a zubar da abincin Allah. Dole aka daka shi, aka yi fura. Hamsatu ta aika aka sayo nono wurin matar Fulani da ke zama bakin rijiya, aka dama a babbar ƙwarya, aka sa ludayi yana zagayawa. Da ya zo kan Hajjo ta ce ta ƙoshi.

"Geronki ne," in ji Hamsatu. "In ba ki sha ba sai mu ce kin sa mana wani abu."

Ta sha ludayi guda. Ta ji citta da kanumfari sun ratsa ta. Ta ƙara.

Haka abin ya zama. Akuya na son dusa kullum, don haka kullum sai an surfa, in an surfa kuma sai an sha. Da rana ta yi sanyi takan ja ta zuwa gindin gawo su tsinci 'ya'yan da suka faɗo, ita tana tarawa a zane, akuyar tana sata. Alhamis ta kai ta gindin bedi, mata su shafa bayanta su ce ta yi kyau, majo ya fito da abin awonshi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hajjo ba yarinya ba ce, ta gane ba akuyar kaɗai ake dubawa ba. Wasu ranakun ciwon ya dawo mata, ta idar da sallar asuba ta ji ba ta son ganin kowa, ta ja ƙofa. Sai dai akuya ba ta san wannan ba, kuka take har sai an fito.

An kai akuyar ga bunsurun grupma tun da sanyi. Kafin zafi ya tsananta cikinta ya fito, hantsa ta fara sauka.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, Sirajo ya zo. Wannan karon mota ya ɗauko, da igiyoyin ɗaure kaya. Ya iske ɗakin a rufe, aka ce mishi tana bayan masallaci. Can ya same ta tsaye da taɓarya, ita da Lailatu suna lugude a turmi ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaida sauran.

"Inna, na zo kamar yadda aka yi."

"Sannu da hanya. Ka sha ruwa tukun."

Suka tafi gidan likita su uku, har da Hamsatu da ba wanda ya gayyata. Majo ya ɗaura, ya hura, ya duba. Hajjo tana kallon bakinshi, zuciyarta na bugawa, tana tsoron bugun ma ya ɓata awon.

"Ta sauka," in ji majo. "Ba ta kai inda nake so ba, amma ta sauka. Ƙwaya dai ba za a daina ba."

"Ka ji ko," in ji Sirajo. "Ba ta kai ba. Ga damina tahe, ɗakin nan na ƙasa ne, in ya yi yoyo wa zai hau? Inna, ki yi haƙuri mu tahi."

"Mai Moto, da amana a hannuna. Akuyar mutane ta kusa haihuwa."

"A mayar musu. Ko in saya musu wata."

Hamsatu ta gyara zama. "Ɗana, ba a mayar da habbanaye da ciki. In aka karɓe ta yanzu, gari zai ce uwarka ta wulaƙanta ta ne aka ƙwace. Kana son a ce haka? Kuma ba ta fita garin nan, ta grupma ce. Zancen ɗaki kuwa, mazanmu suna nan, za a yi mishi yaɓe kafin ruwa."

Sirajo ya kalli majo. Majo ya ce, "Ni dai a Maradi ban san wa zai tashe ta da safe ba. A nan na sani."

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu. Ya kalli uwarshi, ya ga wuyanta ya ciko, ga garin gero a gefen zanenta.

"To, har ta haihu," ya ce. "In ta haihu sai mu sake magana."

"Allah ya kai mu," in ji Hajjo. "Allah ya yi maka albarka."

Ta cika mishi ƙwarya da dawon fura ya kai wa matarshi, ta sa aka ɗora mishi damin gero biyu, don kada igiyoyin su koma haka nan. Suka tsaya ita da Hamsatu a bakin hanya har motar ta shige cikin yashi.

"Ba ki gaya mishi sai ta yaye ba," in ji Hamsatu.

"Bai tambaya ba."

"In ta yaye kuma ga ɗiyar, ita ma sai an yi renonta."

"Ke dai Bagobira kin cika surutu. Mu je, na bar gero a turmi."

Daga bayan masallaci akuyar ta hango su, ta ja igiya ta fara kuka.