Sai Hannun Baba Ya Wuce

Ranar da Yaya ya kawo abin da yake kira mota, daga bayan motar ɗaukar kaya aka sauke ta, maza sun tallabe ta ta ko'ina kamar za a shigar da gado ɗaki. Babu taya, babu inji, babu ƙofa, babu ko gilashi. Ƙwarangwal ne zalla, tsatsa ta cinye ƙasansa har kana hango siminti ta inda ya kamata mutum ya ɗora ƙafa. Ina tsaye da tsintsiya a hannu na ce, "Yaya, wannan fa? Ce maka aka yi mun buɗe bola?"

Ya ce, "Matsa ke dai, Auta. Motar Baba ce."

Ita ce kuwa. Babanmu fanal-bita ne, duk rayuwarsa a gyaran jikin mota ya yi ta, har ƙarfi ya ƙare ya bar wa Yaya gudumominsa. Da ƙuruciyarsa ya mallaki wata buɗaɗɗiyar mota irin ta tsere, mai kujera biyu, ja wur. Da aka fara haihuwarmu ya rabu da ita, don kujera biyu ba ta ɗaukar iyali. Mun tashi muna shan labarinta safe da yamma har muka haddace. Yaya ne ya yi ta cigiya har ya gano gangar jikinta a filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya kuma shaida ta da wata walda da Baba ya taɓa yi mata a ƙarƙashin but.

Ba don sha'awa kawai ya kwaso ta ba. Ciwon suga ya daɗe yana cin Baba, kuma likita ya faɗa mana ba tare da kwana-kwana ba cewa idon yana tafiya, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ni nake zaune da Baba tun bayan rasuwar Mama, ni ce mai magani, ni ce mai gwajin jini kowace safiya. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti Baba ya ce, "Ni dai in sake ganin motar nan da janta, shi ke nan." Wannan maganar ce ta sa na haɗiye duk abin da ya biyo baya, kuma wallahi na haɗiye da yawa.

Garejin gidan ya koma wurin aiki, sauran gidan ya koma sito. Sitiyari a kan teburin cin abinci. Kujerun da aka yi wa sabuwar fata suna saman durowar kayana, an lulluɓe su da zanin gadona mai kyau, ba wanda ya nemi izinina. Robobin kicin ɗina duka suka ƙaura, in na buɗe neman gishiri sai in ga kusoshi cikin baƙin mai. Ban ce uffan ba. To, na ce, amma ba wanda ya ji.

Da farko aiki ya yi gudu, in ba Yaya haƙƙinsa. Ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya yi waldar sabo, ya kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, ya daidaita ƙofofi da bonet. Wani bakanike abokinsa ya tayar da inji, aka kawo aka ajiye a kusurwa cikin leda. Aka fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, wanda ake sa wa kafin launi. Gwangwanin jan fenti ma an sayo, yana kan kanta. Na ce alhamdu lillahi, saura ƙiris.

Ashe a ƙiris ɗin nan za mu tare.

Akwai dokar da Baba ya rene Yaya a kanta tun yana koyon aiki: ba a fesa launi sai hannun Baba ya wuce. Wato Baba zai ɗora tafin hannunsa a jikin mota, ya rufe ido, ya ja shi a hankali daga gaba zuwa baya. Inda hannun ya tsaya, akwai gargada, ko da ido bai gan ta ba. Yaya ya zagaye wurin da alli, ya sa sanfefa ya goge, a sake gwadawa. Baba yakan ce fenti ba ya rufa wa mai aiki asiri, tona shi yake yi. A zamaninsa har daga wasu garejin ake zuwa aron hannun nan.

Duk Asabar da hantsi sai in riƙo Baba zuwa gareji. Ya ɗora hannu, ya ja, ya tsaya. "Nan." Yaya ya zana alli. Ya ƙara gaba kaɗan. "Nan ma." Daga nan sai ƙarar sanfefa har la'asar, caka-caka-caka, Baba na zaune a kujerar roba yana gyaɗa kai kamar mai sauraron rediyo. Asabar ta gaba a sake. Wurin da aka gyara wancan makon shi ne za a sake zagayewa wannan makon. Madigadin hagu kaɗai, wato ƙarfen saman taya, ya sha alli har na daina lissafi.

Mai fentin da zai fesa jan ya zo da kansa ya shafa, ya duƙa ya leƙa ta gefe, ya ce, "Wannan ai ya fi faranti santsi, me ake jira?" Yaya ya ce hannun Baba bai wuce ba. Mai fenti ya sake zuwa, aka maimaita masa. Daga baya ko an kira wayarsa ba ya ɗauka, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Idon kuma bai tsaya jiran kowa ba. Baba ya fara zuba shayi a gefen kofi. Ya fara ce mini in kunna fitila rana tsaka. Wata rana ya yi wa labule sallama, yana zaton maƙwabcinmu ne ya shigo. Na samu Yaya na ce, "Kai wai ba ka ganin abin da nake gani? Ku fesa mata fentin nan ko da gargada dubu ce." Ya ce, "Ba ki san aikin ba." Na ce na san ido dai, kuma na san ba a yi masa walda. Ya yi mini kunnen uwar shegu ya ci gaba da gugarsa.

Wata safiya na huda yatsan Baba don gwaji, jini ya fito, har na goge na ajiye na'urar. Sai ya ce, "Ki yi mana, me kike jira?" Na ce ai na yi. Can ya shafa gilashin teburin da ke gabansa, wanda na goge da hannuna ba a jima ba, ya ce, "Wa ya zubar da yashi a nan?"

Na tsaya ina kallon teburin. Tas yake. Sai na tuna likita ya taɓa cewa ciwon nan ba ido kaɗai yake taɓawa ba, yana kashe jin yatsu, mutum ya riƙa jin kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. Gargadar nan da muka shafe watanni muna bi da alli, ba a jikin mota take ba.

Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba na faɗa gareji. Yaya yana tsugune yana jera sufanu. Na zayyana masa komai, ina haki, ina jiran ya dafe kai. Ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Na sani."

"Ka san me?"

"Tun wata na biyu na gane. Ranar da hannunsa ya tsaya a kan bonet, wurin da na san ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

"Ka sani kake ta cinye ƙarfen mutane da sanfefa?"

Ya ɗauko takardar sanfefar ya juya mini bayanta, ɓangaren da ba shi da kaushi. Ya sha guga har ya yi sheƙi. Ya ce, "Da nan nake gogawa. Ƙarar kawai yake ji."

Na rasa ta inda zan fara. Mutum da gemunsa, da 'ya'yansa, ya tsuguna tun hantsi har la'asar yana shafa mota da bayan takarda. Na ce, "Yaya, kai lafiyarka ƙalau kuwa?"

Ya ce, "Auta, ido ya tafi, ya haƙura. Ƙafa ta yi nauyi, ya haƙura. Hannun nan kaɗai ya rage masa da yake jin shi wani ne. Ni ne zan buɗe baki in ce masa hannunsa ya mutu? Ina jira ne wata rana ya wuce da kansa."

"In bai wuce ba fa?"

Na ce to ni dai abin da ya roƙa a gabana shi ne ya gan ta da janta, bai ce ya shafa ta da tokarta ba.

Na yi niyyar yin haƙuri, Allah ya sani. Asabar ta zo, na riƙo Baba, ya ɗora hannu, ya ja. Ko taku biyu bai yi ba ya tsaya a madigadin hagun nan dai. "Nan." Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki alli. Ni kuwa na cika na batse, na riga shi ɗauka.

Na ce, "Baba, babu komai a wurin nan. Babu komai a ko'ina. Mai fenti ya faɗa, Yaya ma ya sani. Yatsunka ne ba sa ji, ko allura na soka maka ba ka sani. Idonka kuma yana ƙarewa muna nan muna wasa da alli."

Yaya ya ce, "Auta."

Baba ya ɗaga hannunsa daga jikin motar. Ya murza babban yatsa a kan sauran, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi. Sannan ya zura hannun cikin aljihun rigarsa. Ya ce, "A kira mai fenti." Ya juya ya lalubi hanyar ɗaki, ya ƙi in riƙe shi.

Ni a zatona fesa fenti aikin yini guda ne. Ina. Sai da aka lallashi mai fenti, aka kai masa gangar, ya fesa, aka jira ta bushe, ya sake fesawa, aka sake jira. Aka dawo da ita aka shiga ɗora inji, da wayoyi, da birki, da gilashi. Makonni suka yi ta wucewa. Yaya yana aiki kamar zai kashe kansa, ba ya yi mini magana sai ta kama dole. Baba kuma ya daina zuwa gareji. Asabar ta zo ta wuce yana zaune a falo, hannu a aljihu. Robobina sun dawo kicin ɗaya bayan ɗaya, amma ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Ranar da aka gama, Yaya ya turo ta tsakar gida da rana, ya ajiye ta gefen dama kusa da famfo inda haske ya fi sauka. Ni da ban damu da mota ba sai da na riƙe baki. Ja wur, tana ɗaukar ido, ƙasa-ƙasa da ita kamar za ta zabura. Na shiga na fito da Baba, na tsayar da shi a bakin baranda.

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kai, ya yi murmushi. Ya ce, "Ma sha Allah. Ita ce. Janta ke nan sak, ko ɗigo bai canza ba. Allah ya yi muku albarka."

Ƙofar gareji yake kallo, inda motar ta saba zama. Babu komai a wurin sai bulon da aka ɗora ta a kai da tsohuwar leda. Motar tana can damansa.

Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Haushi ya taso mini, na rasa wa zan ji wa: Yaya da jiransa, ko ni da bakina, ko tsohon nan da yake mana ƙarya don kada ranmu ya ɓaci. Na ja shi a hankali har gaban motar. Hannayensa duka biyu suna aljihu.

Na ce, "Baba, taɓa mana."

Ya ce, "Bar shi, Auta. Ai kin faɗa mini."

Na ce, "Ni me na sani a aikin mota? Ɗazu na shafa wajen madigadin nan na ji kamar da gargada. Mai fentin nan ban yarda da shi ba, sauri ya yi. In ba ka duba ba wa zai duba? Yaya? Wannan da ko robar gishiri bai iya bambancewa da ta kusoshi ba?"

Na kamo hannun da kaina na zaro shi daga aljihu, na ɗora a kan jan ƙarfen da rana ta ɗumama. Ya bar shi a wurin kamar ba nasa ba. Can sai ya rufe ido, yadda ya saba, ya fara ja a hankali. Ya wuce fitila, ya hau madigadi, ya tsaya.

Ya ce, "Nan. Ai na faɗa muku."

Yaya ya shafa aljihunsa, babu alli. Yana cikin jakata tun ranar da na ƙwace. Na ciro na miƙa masa, ya duƙa ya zagaye wurin a kan sabon fenti, ni kuma na tafi ɗauko wa Baba kujerar robarsa.